Kawu Idi Ba Ya Sauka

Mazan gidan su Inna dogaye ne, kuma duk magina, tun kakan kakanmu. Mutum ɗaya ne ya saɓa, shi ne Kawu Idirisu. Su uku ne a ɗakinsu: Kawu Sallau babba, sai Kawu Idi, sai Inna, wato mahaifiyata Hajara, auta. Akwai wani tsohon hoto a akwatina da aka ɗauke su ranar wata Sallah suna samari. Kan Kawu Idi ya kai kafaɗar wansa daidai, amma in ka duba ƙasan hoton da kyau za ka ga gefen tubalin da ya taka.

Tsawon nan nasa shi ya kai shi lekol, wato makarantar boko. Shekarar da aka zo unguwarmu ta Birni, nan Damagaram, ɗaukar yara aka ce kowane gida ya ba da ɗaya. Kakanmu ya dubi 'ya'yansa, ya ga Sallau har ya fara miƙa tubali saman katanga, Idi kuwa in aka ɗora masa kwandon laka sai a ga kamar kwandon ne ke tafiya shi kaɗai. Ya ce a kai Ɗanƙarami. Sunan da ake kiransa ke nan a gida, yau kuma mutum ɗaya ne ya rage a duniya da ke iya faɗinsa a gabansa.

Lekol ta karɓe shi. Ya zama Mushe Idi, yadda ake kiran malamin lekol da Faransanci, ya yi shekara talatin da huɗu yana koyarwa, daga Zermu zuwa Garagumsa, daga nan Mirriya, kafin a dawo da shi cikin gari. Tsofaffin ɗalibansa na cewa ko farar takarda ka miƙa masa sai ya sami inda zai ja jan biro. An taɓa aiko masa da takardar yabo, ya gyara kurakurai biyu a ciki ya mayar. A tsawon shekarun nan wata 'yar mobilet yake hawa, mai feda kamar keke, wadda in ya tsaya tafin ƙafarsa biyu ke zama a ƙasa lafiya lau.

Da ya ajiye aiki ya ce lokaci ya yi da zai hau abin da ya dace da darajarsa. Ya je ya zaɓi wata ƙatuwar moto ja, irin wadda samari ke keta rairayi da ita. Mai sayarwar tsohon ɗalibinsa ne, ya sosa ƙeya ya ce, “Mushe, ko za ka gwada waccan ƙaramar? Ta fi sauƙin sha'ani.”

Kawu ya dube shi ta saman tabarau. “Kai ne Habu na Garagumsa ko? Wanda ya rubuta sunan garinsu ba daidai ba ranar jarrabawa?”

Habu ya miƙa makulli.

Ga wanda bai taɓa kula ba, moto na da wani ƙarfe a gefen hagu, a naɗe a ƙasa. In mai ita ya tsaya, yana zaune zai sa diddige ya turo ƙarfen, ya kishingiɗar da moton a kai, sannan ya sauka. Mu ƙafar moto muke cewa, makanikai kuma bekiy. Abu ne na ƙiftawar ido. Amma Kawu Idi in ya zauna a kan jar moton nan, kan yatsunsa ne kawai ke taɓa ƙasa, dama da hagu. Da ya ɗaga ta hagu don neman ƙarfen sai moton ta fara karkata dama, diddigen ya yi ta lalube a iska, abin da yake kamawa bai wuce bakin babbar rigarsa ba. Ya taɓa gwada sauka tukun kafin ya turo ƙarfen, a tsakar gidansa na Sabon Gari. Riga ta maƙale a sirdi, moto ta kwanta a kansa. Matarsa, Tanti Zuwaira, da wata maƙwabciya suka ɗaga ta. Da ya miƙe ya kakkaɓe jiki ya ce dama yana son ya ga yadda ƙasanta yake.

Daga ranar ya sami dabara. Akwai itacen bedi, wato dogon yaro, a ƙofar gidansa. In ya dawo sai ya lallaɓa ya jingina moton da itacen, ya zame ta ɗaya gefen. A gari ma haka: inda duk akwai katanga ko itace a hannun hagu, Kawu na sauka. Inda babu, ba ya sauka. Ya sauya masallacin da yake la'asar saboda na da ɗin fili ne a gabansa. Ya bar mahaucin da ya yi shekara ashirin yana sayen nama wajensa ya koma wani mai rumfa a jikin bango, ya kuma yi ta gaya wa Tanti cewa naman can ya fi laushi, alhali ita ke dafawa. Wajen mai shayi, wajen mai magani, yana bisa yake miƙa hannu. In abokai sun ce, “Mushe, sauko mana a taɓa hira,” sai ya dubi agogo ya ce abin da ya hana ƙasar nan ci gaba ke nan, zaman banza. Wasu har sun yaba. Na ji wani tsohon ɗalibinsa na cewa Mushe ya ajiye aiki amma bai ajiye tsari ba.

Yunusa makanike ne ya fara ganewa, ranar da aka kai masa moton juyen mai, ya ga mai ita na zagaya garejin yana neman bango.

“Mushe, ai bekiy ce ke ba ka wahala. Bari in ɗan liƙa mata ƙarfe ɗan tsawon yatsa, diddigenka ya riƙa samu.”

“Ka san ma'anar kalmar da kake faɗi?”

“Ƙafar moto mana.”

“Sandar guragu ce asalinta. Ka je ka duba ƙamus. Ni na yi maka kama da mai neman bekiy?”

“A'a, Mushe. To a liƙa ƙarfen?”

“Duk wanda ya ga an ƙara wa moto ƙafa zai tambayi ta wa ce ba ta kai ba. Juye manka kawai.”

Da abin ya tsaya a kan mahauci da mai shayi da ban rubuta shi ba. Amma akwai gaisuwar Juma'a. A gidanmu na Birni, bayan an sauko daga masallaci Kawu Sallau kan zauna a tabarma a ƙofar gida da tsofaffin unguwa, duk wani ƙane ko ɗa ya zo ya tuɓe takalmi ya durƙusa ya gaishe shi. Kawu Idi ya yi haka tun rasuwar kakanmu, har lokacin da yake darakta bai taɓa fashi ba. Sai dai bangon ƙofar gidan nan ba bangon jingina ba ne. Kawu Sallau da hannunsa ya zana shi, duk bayan damina kuma yana sake masa shafe. Ko keke ba a jingina masa. Akuya in ta matso, tun kafin ta yi niyyar sosa jiki ta sha jifa. Gaban bangon kuwa rairayi ne fetal, ko turke babu.

Juma'ar farko Kawu Idi ya iso, ya yi zagaye ɗaya, ya tsaya a kan yatsu, inji na ruri.

“Yaya, barka da Juma'a.”

Kawu Sallau ya waiga wajen na kusa da shi. “Malam Aliya, ka ji wata murya daga sama?”

“Ni ne, Yaya. Sauri nake, muna da taro.”

“Taron me? Ba ka ajiye aiki ba?”

“Taron waɗanda suka ajiye aiki.”

Juma'a ta biyu taron bai ƙare ba. Ta uku an ɗage shi zuwa wannan lokacin daidai. A ta huɗu Kawu Sallau ya ajiye carbi a kan cinya.

“Ɗanƙarami, tsoho ya kai ka lekol don ka koyi karatu. Yanzu na ga har hawa kan mutane an koya maka. Ni ba sarki ba ne, ba na karɓar gaisuwar mahaya. Daga yau in ba ka sauko ba, ban ji ba.”

Ya juya fuska ga bangonsa. Kawu Idi ya ɗan jima yana rawa a kan yatsu, sannan ya ja moto ya tafi. Amma bai daina zuwa ba. Duk Juma'a sai ya zo ya yi gaisuwa daga sama, a yi masa shiru, ya juya. Wata bakwai ana haka.

Na tambayi Tanti Zuwaira daga baya me ya hana shi barin moton a gida ya hau kabu-kabu, ko ya jingina ta a wani lungu ya ƙarasa da ƙafa. Ta ce ita ma ta ba shi wannan shawarar. Amsar da ya ba ta ita ce, in ya je a ƙasa yau, an gane ke nan jiya ma da dalili, kuma za a nemi dalilin.

Maganar ta cika unguwa. Aka ce boko ke nan, ƙarshensa raina na gaba. Aka ce kuɗin sallama ne suka hau masa kai. Azumi ya matso, Kawu Sallau ya aika wa Inna cewa bana ranar Sallah kada a shimfiɗa wa mahayi tabarma a gidan ubansu, tunda ba ya zama a ƙasa. Inna ta yi kuka. Mutum biyu suka rage mata a duniya 'yan ɗakinsu, ga su za su shiga azumi ba sa magana. Ta ɗauki mayafi ta tafi Sabon Gari, ta sami Tanti a madafa, ta ce ba za ta tashi ba sai an gaya mata abin da Yaya Babba ya yi wa Yaya Idi.

Tanti ta leƙa tsakar gida, ta rage murya. “Ba abin da ya yi masa. Amana na ba ki, Hajara. Ƙafarsa ce ta hagu, ba ta kai. Shi ya sa ba ya iya sauka. An ce maganar bekiy ce, shi kuma ko sunan ba ya son ji.”

Inna ba ta yi lekol ba, ba ta kuma taɓa hawa moto sai a baya ba. Ta riƙe kalmar a baki kamar mai ɗauke da garwashi, ba ta tsaya ko'ina ba sai Birni. Amanar ta yi kamar rabin awa a hannunta.

Shi kuwa Kawu Sallau ya san bekiy sarai. Shekarun baya ya faɗo daga saman wani soro ya karye a ƙugu, a likita aka ba shi sanduna biyu na ƙarfe da ake sa wa a hammata, da wannan sunan kuma ya ji ana kiransu. Har yau yana ɗingishi. Da ya ji saƙon Inna sai ya ce, “Ashe yaron nan gurguncewa ya yi yake ɓoyewa cikin riga. Ni kuma ina nan ina juya masa ƙeya.” Ya shiga ɗakin ajiya ya zaro sandunan daga bayan buhunan siminti.

Abin da ya biyo baya na ji shi daga bakin Inna da na Tanti, sun kuma dace a kan komai. Ranar biyu ga azumi da hantsi, Kawu Idi na zaune a gindin bedi yana karanta jarida, ya ɗaga kai ya ga wansa tsaye da buhu a kafaɗa. Daga Birni ya tako, don ya ce ba ya hawa bayan yaran nan masu gudu.

“Kada ka tashi,” in ji Kawu Sallau. “Zauna abinka. Na ji komai.”

Kawu Idi ya naɗe jaridar. “Me ka ji, Yaya?”

“Maganar ƙafa. Da bekiy. Haba Ɗanƙarami, ni za ka ɓoye wa? Wa ya goya ka ranar da kunama ta harbe ka? Ka yafe mini.” Ya kwance buhun ya jera sandunan a gabansa.

Tanti ta ce ta ga mijinta ya dubi sandunan, ya dubi jar moton da ke jingine a bayansa, ya buɗe baki kamar zai fara darasi. Sai ya rufe. Ya kai hannu ya dafa gwiwar hagu, ya ɗan yamutsa fuska.

“Jijiya ce, Yaya. Takan motsa.”

Sandunan na dogon mutum ne. Da aka tsayar da shi aka sa masa, ƙafafunsa suka kusa barin ƙasa. Kawu Sallau ya durƙusa da kyar ya auna shi da taƙi tun daga hammata har diddige, yana faɗin lissafin da ƙarfi kamar mai awon ƙofa, ya kai wa maƙeri aka rage.

Haka Kawu Idi ya zama gurgu. Gaskiya kuma ya yi gurguntar da tsari. Ya riƙa jan ƙafar hagu, ba ya taɓa mantawa ya ja ta dama. Labari ya juya a gari: waɗanda suka ce girman kai ne suka zo dubiya da kunya a fuska. Tsohon mahaucinsa ya aiko da ƙafar sa a yi masa romo. Ɗalibai suka yi ta kawo lemu da man shafawa. Kawu Sallau ya zo da wanzami bayan shan ruwa aka kafa wa lafiyayyar gwiwa ƙaho uku, mai gwiwar ya cije ya ce ya ji sauƙi.

Abin da bai lissafa da shi ba shi ne wansa zai riƙa zuwa kullum. Mutum mai shekara saba'in da huɗu, da karyayyen ƙugu, da azumi a baki, cikin zafin bazara. Kowace safiya sai ya tako daga Birni ya zo ya tambayi kwanan ƙafa, ya zauna kaɗan, ya koma kafin rana ta take. Inna ta hana, Kawu Idi ma ya ce, “Yaya, ka huta, ni zan zo.” Tsohon ya ce da wace ƙafar? Tanti ta ce a kwanakin nan mijinta ya daina cin abin kirki da sahur. In wansa ya juya zai tafi, sai ya bi ɗingishinsa da ido har ya sha kwana.

Rana ta goma sha shida Kawu Sallau ya makara, bai iso ba sai wajen sha ɗaya. Ya shigo layin yana haɗa hanya, saura 'yan taku ya kai gindin bedin sai gwiwoyinsa suka saki. Kawu Idi ya watsar da sanduna, ya tsallake kujera, ya tare shi kafin ya kai ƙasa. Ya ja shi inuwa, ya sheƙa cikin gida ya ɗebo ruwa ya jiƙa masa kai da wuya, ya sake komawa ya ɗauko mafici. Da tsohon ya dawo hayyacinsa ya daɗe yana kallon ƙafafun ƙanensa.

“Ashe gurgun na gudu.”

Kawu Idi ya gyara tabarau. “Yaya, ita wannan kalma ta bekiy ma'ana biyu gare ta a Faransanci. Ta farko ita ce wadda ka sani. Ta biyu kuma…”

“Ba kilas muke ba. Ƙafarka lafiya?”

“Lafiya.”

“To me ya hana ka sauka?”

Ya nuna ƙarfen da ke naɗe a ƙarƙashin moton. Kawu Sallau ya ce ya hau ya gani. Ya hau, ya ture ta daga jikin itacen, ya tsaya a kan yatsu, ya ɗaga diddige ya yi laluben nan nasa, moto na karkata, riga na shiga tsakani. Tsohon ya miƙe a hankali ya zagaya shi kamar mai duba tsagewar gini. Ya sa babban yatsan ƙafa ya taɓa ƙarfen, ya sauko da ɗan ƙara.

“Wannan ne? Wata bakwai?”

Ya juyo ya fuskanci ƙanensa.

“Ka gwammace a ce ka raina ni da a ce ƙafarka gajera ce. Kai Ɗanƙarami, duk faɗin Damagaram akwai wanda bai san kai gajere ba ne? Wa kake ɓoye wa? Ni da na auna ka da taƙi?”

Ya tattara sandunansa, ya ga an riga an rage su ba za su ƙara yi masa amfani ba, ya yar da su nan. Ranar ya yarda aka tsayar masa da kabu-kabu. Bai yi sallama ba, washegari kuma bai zo ba.

Inna ta ce shi ke nan, an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Da raini ake zargi, yanzu ga ƙarya a cikin azumi. Kwana uku ba wanda ya ji daga kowa.

Ranar Juma'a ina gidan Birni, na leƙo ta zaure da na ji ƙarar moto. Tsofaffi sun cika tabarma, har da Malam Aliya. Kawu Idi ya tsaya a tsakiyar rairayi, ya kashe inji, abin da bai taɓa yi a nan ba. Yana kan yatsu, gumi na bin gefen hularsa.

“Yaya,” ya ce, “ƙafata ba ta kai. A taimaka.”

Kawu Sallau bai ɗaga kai ba. Yana jan carbi, ɗaya bayan ɗaya, bai tsallake ko ƙwaya ba. Moton ta karkata dama, ta dawo, ta karkata hagu. Wani daga cikin tsofaffin ya yunƙura zai tashi, Kawu Sallau ya ɗaga masa hannu, ya koma ya zauna. Sai da ya kai ƙarshen carbin ya shafa, sannan ya dafa ƙasa ya miƙe, ya ɗingisa har wajen moton ya taɓa ƙarfen da ƙafa.

“Yau mun ga babba ya tashi tarbar ƙane,” in ji Malam Aliya.

“Moto na tarba,” in ji Kawu Sallau, ya koma mazauninsa ya gyara riga.

Kawu Idi ya sauka, ya tuɓe takalmi, ya tako rairayin mai zafi ya durƙusa a bakin tabarma.

“Barka da Juma'a, Yaya.”

“Barka kadai. Ina azumi?”

“Alhamdu lillahi.”

“Ina iyali?”

“Lafiya lau.”

“Madalla. Ina ƙafa?”

Tsofaffin suka sunkuyar da kai, kafaɗu na motsi. Kawu Idi ya dubi saƙar tabarma.

“Tana nan yadda ka san ta, Yaya.”

“To matso ciki, rana na dukanka.”